Sikelin da Muka Ajiye wa Baƙi

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban hukumar gudanarwar makarantarmu, Baba Alhaji Ndaliman, mai girma shugaban makaranta, Mista Shekwolo, mai unguwarmu na Sabon Gari da dattawan da suka rako shi, limamanmu da fastocinmu da suka buɗe mana taro da addu'a, wakilan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, 'yan'uwana malamai, iyayenmu maza da mata, na cikin gari da waɗanda suka yi sammako daga Beji, da ku 'ya'yana ɗalibai da ke tsaye can baya a rana saboda kujeru sun ƙare: ina gaishe ku duka, kowa da girmansa. Salamar Allah ta tabbata a gare mu.

Ina godiya ga Ubangiji da ya nuna mana wannan rana ta raba kyaututtuka. Ina godiya ga iyayen da suka rufe shaguna, suka bar gona a tsakiyar damina, suka zo su ga 'ya'yansu. Ina godiya ga matan da suka ɗauki nauyin girkin taron nan, wanda ƙamshinsa ke ta jan hankalina tun da na zauna. Ina kuma godiya ta musamman ga tsofaffin ɗalibai, domin kyautar da suka taɓa ba makarantar nan ita ce a kan babban tebur, gaban shugaban taro, lulluɓe da farin leshi, kuma a kanta maganata za ta tsaya yau.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Liyatu Gaiya, ni ce malamar kemistiri, ilimin sinadarai ke nan. Yara suna kirana Mama Mol a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba. An ce in yi magana a kan ci gaban kimiyya a makarantarmu, an kuma ja mini kunne in taƙaita, in faɗi abin daɗi. Zan yi ƙoƙarin taƙaitawa. Abin daɗin ne ba ni da shi da yawa. Kunya nake ji, jama'a, da ita na zo nan, kuma tun makon jiya take zaune a ƙirjina. Idan na tsaya gabanku ina ta yabo alhali ina jin abin da nake ji, na raina ku, ni kuwa ban isa in raina iyayen yarana ba.

Magana ta farko, bari in gaya muku abin da nake koyarwa, domin sau da yawa uwa takan tare ni a kasuwa ta ce, “Malama, wai mene ne mol ɗin nan da ɗana ke ambato har a wajen cin tuwo?” Mol ba abin tsoro ba ne, ƙidaya ce. Mai sayar da ƙwai ba ta cewa ƙwai talatin, sai ta ce kiret ɗaya. Mai sayar da sabulu ba ya cewa goma sha biyu, sai ya ce dozin. Haka mu ma. Duk abin da Allah ya halitta, gishiri ne, ruwa ne, sukari ne, taki ne, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Sun yi ƙanƙanta, sun kuma yi yawa, har dozin da kiret ba za su yi mana amfani ba. Sai masana suka yanka nasu kiret ɗin, suka kira shi mol. Idan kana so ka rubuta yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, rubuta shida, sa'an nan ka jera mata sifili ashirin da uku. Kada wani ya wahalar da kansa wajen neman sunan wannan lamba, ba ta da suna a kasuwa.

To, wa zai zauna ya ƙirga wannan? Babu. Da awo ake ƙirga su, domin kowace irin ƙwaya da nauyinta. Gishirin miyarku abu biyu ne suka haɗu, sodiyam da kulorin. Mol ɗaya na sodiyam giram ashirin da uku ne, na kulorin talatin da biyar da rabi. Haɗa su, ka sami hamsin da takwas da rabi. Ke nan duk wadda ta auna gishiri giram hamsin da takwas da rabi, ta ƙirga mol ɗaya cif ba tare da ta lanƙwasa yatsa ba. Mol ɗaya na ruwa giram goma sha takwas ne, babban cokali ɗaya da ɗan ƙari. Mol ɗaya na sukari kuwa giram ɗari uku da arba'in da biyu ne. Yawan ƙwayoyin ɗaya ne, nauyi ne ya bambanta, kamar yadda kiret na ƙwan zabo da na ƙwan talotalo duk talatin-talatin ne, amma mai ɗauka ya san ba ɗaya suke ba.

Iyayenmu na Beji, wannan lissafin ya shafe ku fiye da kowa. Abin da masara ke nema a cikin farin taki shi ne naitirojin. Mol ɗaya na yuriya giram sittin ne, ashirin da takwas daga ciki naitirojin ne, kusan rabi ke nan. Akwai wani farin takin, amoniyam salfet, mol ɗayansa giram ɗari da talatin da biyu ne, amma naitirojin ɗin cikinsa ashirin da takwas ɗin nan ne dai, wajen kashi ɗaya cikin biyar. Buhu biyu, fari da fari, nauyi ɗaya a bayan babur, amma ɗaya ya ninka ɗaya abinci ga masara har da ɗori. Yaron da ya iya wannan lissafin zai tsaya kusa da ubansa a shagon taki ya gaya masa bambancin. Don haka nake koyar da shi, ba don jarrabawa kaɗai ba.

Magana ta biyu. Kun ji yadda nake ta cewa giram, nake ta cewa auna. Lissafin mol rabinsa a kan allo yake, rabinsa a kan sikeli. Kuma muna da sikeli, ga shi nan ƙarƙashin leshi. Sikeli ne na gani na faɗa, mai batir, mai jin nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya. Ranar da tsofaffin ɗalibai suka kawo shi an yi guɗa, an ɗauki hoto, aka sa shi cikin kabad mai gilashi a ofishin shugaban makaranta, kusa da kofunan ƙwallo, aka kulle. Wannan tun kafin 'yan aji shida na bana su shigo aji ɗaya ne.

Kada ku kalli Mista Shekwolo, ba shi kaɗai ba ne, kuma ba mugunta ba ce. Halinmu ne, mu duka. Wace ce a cikinmu mata ba ta da tangaran a kabad da ba a taɓa ci a ciki ba, ana jiran baƙi, yara na ci a robar da ta tsage? Wane ne a cikin iyayenmu maza ya cire ledar kujerun falonsa? Na ga wasu suna dariya, sun san kansu. Ni ma akwai zanin gadon da aka ba ni ranar aurena, har yau yana akwati, 'yata ta fari kuwa ta yi aure ta haihu. Mun tashi mun tarar abu mai kyau na baƙo ne, na gida ya yi haƙuri. Hali ne mai kyau a wurinsa, da shi ake gane gidan mutunci. Sai dai mun ɗauko shi daga ɗakin uwa mun kai shi ɗakin gwaje-gwaje, inda ba wurinsa ba.

Duk lokacin da aka ta da maganar a taron malamai, amsa ɗaya ce, kuma da kyakkyawar niyya ake ba da ita: “Idan yara suka lalata fa? Idan manya suka zo duba makaranta, me za mu nuna musu?” Sai a wuce zuwa wata magana. Idan baƙi za su zo, a fito da shi a goge, a shimfiɗa masa leshi, a jera yara bayansa da hannuwa a baya. Doka ce, kowane yaro ya san ta: wanda ya taɓa sikeli, shi zai nome ciyawar filin ƙwallo. A aji kuwa sai a zana hotonsa a allo, a ce ga maɓallin kunnawa, ga na mayar da shi sifili. Yaranku sun iya zana sikelin nan fiye da yadda suka iya zana taswirar Najeriya.

Magana ta uku ita ce wadda ta hana ni ɗaga kai. Makon jiya an yi gasar kimiyya ta 'yan sakandare a nan Minna. Muka tafi da Hadassah Christopher, 'yar aji biyar, wadda za ku ji an kira sunanta an jima a kan kyautar kemistiri. Tun da nake riƙe alli ban koyar da mai kaifin kai irin nata ba. A zagayen lissafi ta share kowa. Aka tambayi nauyin mol ɗaya na kalsiyam kabonet, kafin mai tambaya ya rufe baki ta ce giram ɗari. Aka ce mol nawa ne cikin giram tara na ruwa, ta ce rabi. Ina zaune a layin malamai ina ta kumbura, ina gyara ɗaurin ɗankwalina don a san ni ce malamarta.

Sai aka shiga zagayen ƙarshe, na aiki da hannu. Saura su biyu, ita da wata yarinya daga wata makaranta ta wajen Kagara. Aka ba kowacce tebur, da gishiri, da ƙaramin cokali, da kwano, da sikeli irin namu sak. Aka ce kowacce ta auno kashi ɗaya cikin goma na mol na gishiri. Hadassah ta rubuta amsar nan take: giram biyar da ɗigo takwas biyar. Daidai ne. Sa'an nan ta ajiye biro, ta ɗan ja da baya, ta mayar da hannuwanta baya, ta tsaya.

Da farko na ɗauka addu'a take yi. 'Yar Kagara ta kunna nata, ta ɗora kwano, tana zuba gishiri tana ragewa kamar mai gyara miya. Tamu tana tsaye tana kallon ƙofa. An hana mu malamai magana, ina ta yi mata alama da ido, da haɓa, har da ƙafa, ita kuwa idan ta dube ni sai ta ɗan russuna. Lokaci ya cika. Alƙalin gasar, wani dattijo mai furfura, ya zo ya duba takardarta, ya duba sikelin da ko kunna shi ba a yi ba, ya ce, “'Yata, ga amsa a hannunki, me ya hana ki aunawa?” Ta russuna ta ce, “Baba, ina jiran wanda zai zo ya auna ne. A makarantarmu ɗalibi ba ya taɓa sikeli.”

Lasifika tana kunne. Sai wani a zauren ya tuntsire, sai dariya ta kama ko'ina. Dattijon bai yi dariya ba. Ya juyo wajen layinmu ya ce, “Wace ce malamar wannan yarinya?” Jama'a, ɗankwalin da nake ta gyarawa, na so a ce ya sauko ya rufe mini fuska. Na miƙe. Ya ce, “Malama, ba ku da sikeli ne?” Da ya fi mini sauƙi in ce ba mu da shi, da kowa ya tausaya mana. Na ce, “Muna da shi, ranka ya daɗe.” Ya ce, “Yana ina?” Na ce, “Yana kabad.” Ya dube ni ya juya, kuma da ya zage ni da ya fi.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar nan ba kuskure ta yi ba, biyayya ta yi. Abin da muka koya mata shi ta yi a gaban duniya, daidai yadda muka koya mata shi, aka yi mata dariya saboda ladabinta. Kunyar ba tata ba ce. Tawa ce, ta malamai ce, ta hukuma ce, ta duk babban da ya taɓa tsayawa gaban kabad ɗin nan ya yaba sikelin ya wuce. A cikin keken da ya dawo da mu ba ta yi kuka ba, da ta yi da na ji sauƙi. Sai da muka zo bakin layinsu ta ce, “Mama, ashe duk abin da na sani rabi ne.” 

Ran Litinin mahaifinta, Mista Christopher, ya bar shagon ɗinkinsa ya zo ya same ni. Ga shi can zaune kusa da ginshiƙin rumfa, kuma na nemi izininsa kafin in faɗi wannan. Ya ce, “Malama, ba faɗa na zo yi ba. Yarinyar ta ce ba za ta ƙara shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Yaran unguwa idan ta wuce sai su mai da hannu baya su ƙame. Idan aka dawo hutu a mayar mini da ita ajin kasuwanci, can ba wanda zai yi mata dariya.” Yarinyar da tun tana aji ɗaya take cewa ita mai haɗa magunguna za ta zama. Na roƙe shi ya dakata har yau. Ya ce ya dakata, amma daga yau magana ta ƙare. To, ga yau ta zo. Za mu miƙa mata kyautar kemistiri ana tafi, mu kuma rasa ta a ajin kemistiri kafin a kwashe kujerun nan.

Magana ta huɗu roƙo ne. Baba Alhaji, kai ne uban makarantar nan, abin da ka ce shi ake yi. Ina roƙon a cire leshin nan. Ina roƙon sikelin nan ya koma ɗakin gwaje-gwaje daga yau, ya kwana can, ya wuni can. Zai yi datti. Gishiri zai zube a kansa. Wata rana wani yaro zai danna shi da ƙarfi ya lalace, zan zo in gaya muku da bakina, kuma kunyar wannan ranar ba za ta kai ko kusa da ta makon jiya ba. Tsofaffin ɗalibai, ku gaya mana, don hoto kuka kawo shi? Idan kuma baƙi muke jira, iyayena, ga baƙinmu can baya a rana. 'Yan shekaru suke yi a hannunmu su wuce, kuma ba su dawowa aji.

Na zo da gishiri daga kicin ɗina, ga shi ƙulle a leda, da kwano, da ƙaramin cokali, da sabon batir, domin na san na ciki ya daɗe da mutuwa. Ban gaya wa kowa ba, Mista Shekwolo ka gafarce ni. Baba Alhaji, in cire? Na baya, ba ku ji ba, ya ce a'a, shi zai cire da hannunsa. Allah ya ƙara girma, Baba. Ga batir ɗin, Mista Shekwolo, kai ka sa masa.

Hadassah, taso. Na san ba ki so. Ki taso, 'yata, babu wanda ya isa ya yi dariya a rumfar nan, da mu duka aka yi abin. Ku ba ta hanya. Yawwa. Fito da hannuwanki daga baya. Ba zan nuna miki komai ba, kin zana maɓallan nan ya fi a ƙirga. Kunna. Ɗora kwanon. Me ya rage? Ta mayar da shi sifili, jama'a, ban gaya mata ba. Kashi ɗaya cikin goma na mol na gishiri, nawa za ki auna? Ɗaga murya, babanki yana nesa. Kun ji ta, biyar da ɗigo takwas biyar.

Zuba a hankali.  Hajiya mai fifita, ki ɗan dakata, sikelin har iskar mafici yake ji. Ƙara. Ƙara kaɗan. Ya wuce, ya haura shida. To, me ya faru? Rumfar ba ta faɗo ba, sikelin bai fashe ba. Rage. Haka ake yi, a zuba a rage, wannan ne rabin da ba mu ba ki ba. Ɗan kaɗan kuma. Tsaya nan. Baba Alhaji, kai ne kusa, karanta wa jama'a. Biyar, ɗigo, takwas, biyar.

Ku yi mata tafin, ta cancanta, amma kada mu manya mu ɗauka mu ake yi wa. Baban Hadassah, ka ga abin da ya hana 'yarka cin gasa. Bai kai tsawon gaisuwar da na yi da farko ba, shi muka hana ta tun shigowarta makarantar nan. Ba zan matsa maka a gaban jama'a ba, 'yarka ce, hukuncin naka ne da nata. Abin da zan iya cewa kawai, idan aka dawo hutu kujerarta tana nan a gaba, kusa da taga, sikelin kuma yana kan tebur. Idan duk da haka ka ce ajin kasuwanci, ba ni da bakin da zan... Ku dakata. Ku duba bayana. Ta juye gishirin cikin leda, ta mayar da sikelin sifili, ta sake farawa, kuma ba ta nemi izinin kowa ba. Baban Hadassah, na ga ka miƙe. Me ka ce? Ya ce a bar ta inda take.

Allah ya saka wa shugaban taro da alheri, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Allah ya ba shugaban makaranta da malamai haƙurin riƙe yaran nan. Allah ya albarkaci iyaye, ya sa albarka a shagunansu da gonakinsu, ya ba da damina mai kyau, ya mai da mutanen Beji gida lafiya. Allah ya zaunar da Minna lafiya, masallatanta da majami'unta. Allah ya raya mana yaran nan, ya buɗe musu kai, ya kuma buɗe musu hannu. Kunyar da muka sha kuwa, Allah ya sa ita ce ta ƙarshe irinta, kada ya bar mu mu sake ajiye wa baƙo abin da ɗanmu ke bukata.

Masu kwashe tebur an jima, akwai shatin yatsun yarinya a jikin sikelin nan. Kada a goge.

Na gode.